Ashe Dale Ba Ya Teku

Ku da kuke bin labarin nan, na san da yawanku kun riga kun yanke mini hukunci. Wasu sun ce in haƙura in auri Harlan tunda shi yana gari, ana ganinsa. Wasu sun ce macen kirki jira take yi. To ku ji abin da ya faru ranar Asabar tukuna, sannan ku sake ba ni shawara, don ni har yanzu idan na tuna sai in ji kamar wata ce abin ya sama ba ni ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ardis Lindgren. Babana shi ne kocin ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a yi gudu da ita, na kwalejin garinmu Marden tun kafin a haife ni, don haka na tashi ne cikin warin hular fata da takalma masu laka a baranda. Yayana Curtis da saurayina Dale Petrak, su biyu ne Baba ke tsayarwa a bayan layi, a miƙa musu ƙwallo su runguma su keta da ita. Tare suka buga wasan ƙarshe na bara, tare suka je suka ba da suna a sojan ruwa, tare muka raka su tasha. A watan Afrilu aka nutsar da jirgin da Curtis yake ciki. Ko maɓallin rigarsa ba a kawo mana ba.

Muna cikin makoki wayar da ke bangon kicin ta yi ƙara. Layinmu ɗaya da maƙwabta, ina ɗauka na ji ƙas, ƙas, matan unguwa suna ɗaga nasu don su saurara. Dale ne, amma muryar kamar ta wani dattijo.

"Ardis, gobe za a fita da mu. Kar ki jira wasiƙa, inda za mu ba a yin rubutu."

Na tambaye shi wane teku, ya ce an hana su faɗa. Na ce zan jira shi ko da shekara nawa ne. Ya ce in gaida Mama, ya ajiye.

Tun daga ranar nake rayuwa da teku a kaina, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba. Ina aiki a ɗakin karatu na kwaleji, kullum sai na tsaya gaban babbar taswirar da ke bango ina zaɓar masa wuri. Duk sanda rediyo ya ce an nutsar da jirgi, ranar ba na cin abinci. A coci idan aka karanta sunayen yaranmu da ke bakin daga, aka zo kan nasa, mata sukan juyo su dube ni da tausayi, ni kuma in sunkuyar da kai.

Mama kuwa ta cire tauraro shuɗi, alamar gidan da ɗansa ke soja, daga tagar falo ta rataya na zinariya, irin wanda ake sa wa gidan da ya rasa ɗa. Ta hana a ambaci ƙwallo a kan teburinta, a gidan koci. Sannan ta ƙudura a ranta cewa teku ba zai ƙara cin wani nata ba, ko da suruki ne. A nan Harlan Voss ya shigo.

Kada ku ɗauka ƙinsa nake yi. Harlan mutumin kirki ne. Shi ke da injin niƙan hatsi na bakin gari, ya je shiga soja suka mayar da shi saboda kunnensa na hagu ba ya ji. Shi ya gyara mana rufin rumbu ba wanda ya roƙe shi, kuma duk Lahadi yana zuwa da ƙwai ko man shanu a wannan zamani da ake rabon kayan abinci da kati saboda yaƙi. Mama ba ta yi mini faɗa. Abin da take yi ya fi faɗa ciwo. Sai ina wanke-wanke ta tsaya a bayana ta ce, cikin sanyin murya, ita dai ba ta son ta ga ranar da yaron gidan waya zai sake tsayawa a ƙofarmu da saƙon mutuwa, wannan karon da sunana a takardar. Gwaggo Hulda, yayar Baba, wadda ta zo zaman makoki ta ƙi komawa, ita kuma da barkwanci take nata aikin.

"Miji mai kunne ɗaya, ai kin yi sa'a, 'yar nan. Rabin surutunki kawai zai sha. Idan kuma kin yi ɓarna, ki faɗa masa ta hagu, kin dai faɗa."

A hankali suka ci ƙarfina. Ban ce eh ba, amma na daina cewa a'a, kuma a gidanmu wannan ya isa. Aka gayyaci Harlan cin abincin yamma ranar Asabar. Ba wanda ya ce mini ga dalili, sai dai na ga Mama ta fito da farantan bikinta, ta kuma kwashe sukarin da ta daɗe tana tarawa ta yi kek ɗin tuffa.

Asabar ɗin kuma ita ce ranar da kwalejinmu za ta kara da sojan ruwa. Kun san yadda ƙwallo ta koma tunda aka fara yaƙi. An kwashe samari daga kwalejoji, sai ga shi kowane babban sansani ya tara gwanaye ya kafa ƙungiyarsa, suna zagayawa suna buga wasa da makarantu, wai don a ƙarfafa wa jama'a gwiwa. A cikinsu akwai waɗanda da ƙwallo suke cin abinci kafin yaƙi, magidanta masu gemu. Baba kuwa abin da ya rage masa sai yaran da shekarunsu ba su kai na soja ba, da waɗanda likita ya ƙi. Wannan ne wasan farko na sojan a bana, kuma sun zo ne daga wani sansani na bakin babban tafki, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa.

Da safe Baba ya kasa shan kofinsa. Yana ta juya cokali, can ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, gara in zauna in taya Mama aiki, don abin da za a yi yau ba wasa ba ne, yanka ne. Na yi mamaki, don tun ina goye ban taɓa jin ya hana ni zuwa fili ba. Kafin in amsa Gwaggo ta ce Harlan ya riga ya sayi tikiti, kuma ya kamata gari ya gan su tare da rana tsaka kafin a ji labari. Baba ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya dubi Mama, ya ɗauki hularsa ya fita.

Na sa koriyar rigata, wadda Mama ta fitar mini daga tsohon kwat ɗinta, mai maɓallan ƙashi har wuya. Safa ta mata ta ɓace daga kantuna, don haka na tsaya a kan kujera Gwaggo ta ja mini layi a bayan ƙafa da fensirin gira, kamar ɗinkin safa, tana cewa in daina motsi ko in fita da ƙafa ɗaya a karkace. Na naɗe gashina, na ɗan shafa jan baki, na ɗora jar hula mai launin kwalejinmu. Da na duba madubi sai na ga yarinyar da za a yi wa baiko yau, kuma ban ji komai ba, ko daɗi ko baƙin ciki.

Harlan ya zo da motarsa a wanke, ya sa taye. A aljihun kwat ɗinsa akwai wani ɗan tudu mai kusurwa huɗu wanda yake ta dafawa. Na yi kamar ban gani ba.

Filin ya cika kamar kafin yaƙi. Manoma sun zo da iyalansu a motocin kaya, ana sayar da gasasshiyar gyaɗa, ganyen bishiyoyi ya yi ja. Muka zauna a tsakiya, ni a hagunsa, don nan ne kawai wuri ya rage. 'Yan badujalar soja suka shigo da fararen huluna, mutane suka miƙe suna tafi. Sai yaran Baba suka fito, rigunan sun yi musu yawa, wuyansu sirara kamar na 'yan tsaki. Da sojan suka biyo baya cikin baƙaƙen riguna, wata mata a gabana ta ce Allah ya tsare 'ya'yan mutane.

Ban kula da fuskoki ba, hular fata tana rufe rabin fuska. Aka busa usur, yaranmu suka buga ƙwallo ta yi sama ta faɗa hannun wani soja da ke can baya. Ya rungume ta ya taho.

Jama'a, akwai gudun da ba na mantawa. Ya sauke kafaɗar hagu, ya yi kamar zai bi dama, ya dafa ƙasa da yatsu ya juya. Na ga wannan juyin sau ba adadi, a wannan filin, daga wannan benci. Na ce wa kaina mutane suna kama, ai ko a coci na sha ganin ƙeyar wani in zaci shi ne. Yara uku suka taru kafin suka kayar da shi. Ya tashi, ya goge tafin hannunsa a cinya, sannan ya ja kunnen hularsa ƙasa.

Sai lasifika ta ce wanda ya dawo da ƙwallo shi ne Petrak.

Can wani tsoho a bayanmu ya ce, "Kai, ai Petrak ɗinmu ne." Maganar ta bi benci-benci kamar wuta. Sai kawuna suka fara juyowa. Matan da suka yi watanni suna tausaya mini a coci, matan da suka ɗaga waya suka ji da kunnensu yana cewa gobe za a fita da su, duk suka zuba mini ido. Harlan bai ji lasifikar ba. Ya sunkuyo yana murmushi yana tambayata me aka ce, me ya sa kowa ke kallonmu. Ya bi idona zuwa fili, ya daɗe yana kallo, sai na ga murmushin ya tafi. Ya janye hannunsa daga aljihu ya ɗora a gwiwa.

Ba zan iya ba ku labarin wasan ba. Na san dai an yi mana kaca-kaca, har mai allo ya gaji da canza lamba. Na san Dale ya tsallaka layinmu da ƙwallo ya ci maki, kuma bai yi tsalle ba, bai ɗaga hannu ba, ajiye ta ya yi a hankali kamar ƙwai. Duk yaron da ya banke sai ya tsaya ya ɗaga shi. Mutanen garin da a da suke ɗaukarsa a kafaɗa suka fara jifansa da magana. Wani ya ce, "Dale, ina ka ajiye jirgin naka?" Wani ya ce ashe tekun nasa ciyawa ce ke tsiro a kai. Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, don rabin mutanen wurin suna da ɗa a inda ake mutuwa.

Ni ina zaune ina kallon Dale. Lafiyarsa ƙalau. Ya ma yi ƙiba. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, ga shi an ba ni, amma ji nake kamar an mare ni a kasuwa.

Sai na dubi Baba a bakin fili. Kowa a filin nan ya girgiza, har alƙalin wasa, wanda ɗan garinmu ne, sai da ya tsaya ya sake kallo. Baba kaɗai bai motsa ba. Ya ja hularsa ta rufe ido, ya harɗe hannu, kuma ko sau ɗaya bai waiwayo inda ya san ina zaune ba. A nan na tuna kofin safe.

Da aka tashi, Harlan ya raka ni har bayan ɗakin motsa jiki inda baƙi ke canza kaya. Ya ce in je, zai jira a mota, kar in yi sauri don shi. Ban ma gode masa ba.

Sojan suna ta fitowa da jikakken gashi suna raha, wasu har da yi mini fito. Dale ne ya fito a ƙarshe, cikin kayan soja, jaka a kafaɗa, leɓensa a fashe. Da ya gan ni ya tsaya cak. Na zaci zan yi ihu ko in yi kuka, amma muryata ta fito a daidai, kamar ina tambayar mai aron littafi.

"Wane teku ne wannan, Dale?"

Ya ajiye jakar. Ya ce ya roƙi a bar shi a sansani yau, aka ce gari nasa ne, dole ya buga. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Na faɗa masa taswira, na faɗa masa rediyo, na faɗa masa yadda sunansa yake a allon coci a ƙarƙashin na Curtis. Na tambaye shi ko wata ya samu, don in ita ce, da ya faɗa mini ta waya, ai matan unguwa sun taya ni ji. Ya girgiza kai. Ya ce ba wata, ba a taɓa yin wata ba.

"To mene ne?"

"Ki tambayi Koci."

"Kai nake tambaya."

Ya jingina da bango ya faɗa mini, idonsa a ƙasa. Lokacin da suke sansanin horo, shi da Curtis suna cikin rukuni ɗaya da za a tura jirgi ɗaya. Kwamandan da ke kula da ƙungiyar ƙwallon sansanin tsohon abokin Baba ne, tare suka buga wasa suna samari. Yana da gurbin mutum ɗaya mai gudu da ƙwallo, ga kuma yaran abokinsa biyu a gabansa. Ana saura kwanaki a tafi aka cire sunan Dale, aka ba shi aikin koya wa sababbin shiga motsa jiki, Curtis ya tafi. Dale ya ce shi ya zaci sa'a ce, ko kuma sun ga wasanninsa a jarida. Sai bayan jirgin ya nutse, kwamandan ya same shi yana kuka, ya dafa shi don ya rarrashe shi, ya ce ya gode wa kocinsa, don shi kocin ya buga wa waya ya tambaye shi wanne zai riƙe a cikin biyun, kuma kocin bai yi jinkirin ba da amsa ba.

Na ce masa ƙarya yake yi. Na faɗa ne kawai, don a raina na riga na yarda.

Ya ce ta yaya zai zo gaisuwa, ya zauna a kicin ɗin Mama ta zuba masa abinci tana ce masa ɗana, alhali ya san a gadon wa yake kwana? Kuma ta yaya zai faɗa mini ya rushe mana gida? Sai ya ga gara ya ce ya tafi teku, sannan ya yi ƙoƙari ya mayar da ƙaryar gaskiya. Ya nemi a tura shi jirgin ruwa har sun gaji da ganinsa a ofis. Amsar ɗaya ce, sai an gama wasannin bana.

"Da zarar an gama zan tafi, Ardis. Wannan karon da gaske."

Aka ƙwala masa kira daga motar da za ta kai su cin abinci kafin jirgin ƙasa na yamma. Ya ɗauki jakarsa, ya miƙo hannu kamar zai taɓa hannun rigata, ya fasa.

Harlan bai tambaye ni komai ba a hanya. A ƙofar gida ya ce idan na fi so ya juya, zai juya, ya aiko da uzuri. Amma Mama ta riga ta buɗe ƙofa, da rigar girki a kan rigarta ta coci, tana murmushin da na yi watanni ban gani ba. Ta cire wayar daga mariƙinta tun rana don kar a dame ta tana aiki, saboda haka duk garin Marden ita da Gwaggo ne kaɗai ba su ji ba.

Aka zauna. Gasasshiyar kaza, dankali, koren wake, kyandir a tsakiya. Baba ya shigo a makare, ya wanke hannu, ya zauna a bakin tebur bai dubi kowa ba. Ya yi addu'a. Gwaggo ta ce kar ya damu, ko ita aka ba ta waɗannan 'yan tsaki da an ci ta. Mama ta yi mata kallon nan na an hana, ta miƙa wa Harlan kwanon dankali.

Na yi niyyar in yi shiru, ku yarda da ni. Na ce zan bari a gama, in same shi shi kaɗai a rumbu. Amma na ga ya ɗauki wuƙa zai yanka kaza, da hannun nan da ya riƙe waya, sai maganar ta fita da kanta.

"Baba, da kwamandan ya buga maka waya, me ya tambaye ka?"

Wuƙar ta tsaya. Mama ta ce wane kwamanda. Sai na faɗa mata: Dale yana gari, yau ya buga wa soja wasa, bai taɓa shiga jirgi ba. Sannan na faɗi sauran, yadda aka faɗa mini. Harlan ya juyo da kunnensa mai ji, sannan na ga alamar ya yi da-na-sanin juyowa. Gwaggo ta rufe baki da adiko.

Baba ya ajiye wuƙar a gefen faranti ya daidaita ta.

"Tambayata ya yi wa ya fi gudu."

Mama ta ce, a hankali, "Nils, ka san abin da tambayar take nufi?"

Ya ce ya sani. Ya ce duk jihar nan an san wanda ya fi gudu, kwamandan ma ya sani, Curtis ma ya sani. Da ya ambaci ɗansa, da kowa ya gane koci ya ɓoye nasa ya tura na wani, yaron da ba shi da uban da zai yi magana dominsa. Ya ce ya zaci yaƙin zai bar masa Curtis, yara nawa suke tafiya su dawo. Ya ce ba ranar da ba ya sake jin ƙarar wayar nan.

Na jira Mama ta fasa faranti, ko ta faɗi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙe, ta kwance rigar girkin ta ninke ta a kan kujera, ta hure kyandir. Ta ɗauko kwat ɗinta da hularta. Sannan ta zagaya ta damar Harlan ta tambaye shi ko da mai a motarsa, tana so ya kai ta tasha.

Gwaggo ta ce, "Thelma, me za ki je yi? Zauna ki sha ruwa tukuna."

"Zan je in ga abin da ya fi ɗana."

Na ce mata ba laifin Dale ba ne. Ta ce ba ta ce laifinsa ba ne, in ɗauko rigar sanyina. Baba ya yunƙura zai tashi, ta ce masa ya zauna ya ci abincinsa, ba tare da ta dube shi ba.

Haka Harlan ya tuƙa mu, mutumin da ya zo neman aurena, zuwa wurin wanda nake so. Rana tana faɗuwa a bayan gonakin masara. Da muka ji kukan jirgi daga nesa Mama ta ce ya ƙara wuta.

Tasha ta cika da fararen huluna, ana loda jakunkuna. Mama ta keta tsakiyarsu, ƙaramar mace cikin baƙin kwat, suka dinga buɗe mata hanya. Dale yana bakin ƙofar tarago, ƙafa ɗaya a kan matakala. Da ya gan ta ya sauko, ya cire hularsa. Ta tsaya a gabansa ta dube shi tun daga kai har takalmi. Ta daɗe a kan ƙafafun.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Shi Curtis ya sani?"

"Ya sani, Mama."

Ya ce ranar da aka raba su, Curtis yana ɗaure jakarsa yana dariya. Ya doki kafaɗar Dale ya ce, "Baba bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan ƙwallo ba, ba kuma a kaina zai fara ba. Kai dai ka riƙe ta da kyau." Dale ya ce a lokacin bai gane me yake nufi ba, ya zaci tsokana ce irin tasu.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Mama, ba kuka ba, ba dariya ba. Ta miƙa hannu ta kama hannun rigar Dale, kamar yadda ake kama yaro a bakin titi. Ya ce mata da an gama wasanni zai tafi jirgi, ya yi alkawari, zai biya. Ta ce, "Ka biya wa? Wa ya ce maka ina so in rasa biyu?"

Aka busa usur. Wani hafsa ya leƙo ta taga ya kira Petrak, ya sake kira. Taragon ya girgiza, ƙafafun jirgi suka fara juyawa. Dale ya dube ni ta saman hular Mama. A bayana ina jin numfashin Harlan, bai matso ba, bai kuma tafi ba. Hafsan ya diro ƙasa ya nufo mu da sauri, yana cewa ko yaron nan ya san hukuncin sojan da jirgi ya tafi ya bari.

Mama ba ta ko waiwaya ba, kuma ba ta saki hannun rigar ba.